Kintsa gida tun da sauran ƙarfi

A ikilisiyoyinmu na yanzu, in kana so ka ga fuskoki sun sauya, ambaci mutuwarka da bakinka. Nan take wani zai ce, "Haba Baba, Allah ya kiyaye, ba rabonka ba ne." Wata kuma ta ce ka janye maganar cikin sunan Yesu. Na san ƙauna ce ke sa su faɗin haka. Sai dai mu ɗin nan ne muke miƙewa tsaye kowace Lahadi muna shaida cewa mun gaskata da tashin matattu da rai na har abada. Mu ne kuma ranar Larabar Toka ake shafa wa toka a goshi, ana tuna mana cewa mu turɓaya ne, ga turɓaya za mu koma. Baki ya yarda, amma in ka duba gidajenmu da takardunmu da yadda muke kashe yini, ba za ka ga alamar yardar ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne, haifaffen Wusasa. A gindin dutsen Kufena na girma, nan kuma nake zaune tun da na ajiye alli. Saba'in tana leƙo ni. Zabura ta 90 ta ce kwanakin mutum shekara 70 ne, in da ƙarfi 80, sannan ta roƙi Allah ya koya mana ƙidaya kwanakinmu domin mu sami zuciya mai hikima. Na sha karanta wannan a jana'izar mutane. Abin da ya sa na soma karanta ta don kaina ba ciwo ba ne, don lafiyata lau in ban da hawan jini. Layin tantance 'yan fansho ne ya sa. Duk sa'ad da aka kira mu sai ka tarar layin ya rage tsawo, ka tambayi wane, a ce maka ai tun damina. Sannan 2020 ta zo ta kwashe dattawa da yawa a Arewa, har da Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya rasu a watan Satumba bayan shekara 45 yana sarauta. Yawancin masu yawo a titunan Zariya a ranar ba su taɓa sanin wani sarki ba sai shi. Aka yi makoki, aka naɗa sabo, kasuwar Sabon Gari ta ci gaba da ci.

Da azumi ya zagayo sai na yanke shawara cewa maganar nan ba zan bar ta a tunanin dare ba, zan ɗauke ta aiki ne, in yi ta da hannu da ƙafa.

Mutum biyu a cikin Littafi Mai Tsarki ne suka nuna mini inda zan kama. Na farko Sarki Hezekiya. Ya kwanta ciwo, annabi Ishaya ya shigo ya ce masa ya kintsa gidansa gama zai mutu. Ya juya fuska ga bango ya yi kuka, Allah ya ji shi, ya ƙara masa shekara 15. A nan masu wa'azi suke tsayawa, jama'a su amsa da babbar murya, kowa na karɓar nasa ƙarin. Amma labarin bai tsaya nan ba. Jakadu suka zo daga Babila yi masa barka, ya zagaya da su ya nuna musu azurfa da zinariya da kayan yaƙi, bai bar kome a rufe ba. Ishaya ya dawo ya ce masa duk abin da ya nuna za a kwashe zuwa Babila, har da wasu daga cikin zuriyarsa. Amsar Hezekiya ita ce ta hana ni barci. Ya ce maganar Ubangiji ta yi kyau, domin a ransa yana cewa ai a zamaninsa dai za a zauna lafiya. Ɗansa Manassa, wanda ya gaje shi yana da shekara 12, bisa ga wannan lissafi a cikin shekarun ƙarin aka haife shi, kuma shi ne ya rushe kusan duk gyaran da uban ya yi. Hezekiya sarkin kirki ne, nassi ma ya yabe shi. Shi ya sa abin ya ba ni tsoro. Mutumin kirki yana iya samun ƙarin kwana ya cinye shi a kan kansa.

Na biyun ba kasafai ake wa'azi a kansa ba. Barzillai mutumin Gileyad, attajiri ne da ya ciyar da Dawuda da mutanensa a Mahanayim sa'ad da suke gudun Absalom. Da tarzoma ta kwanta, Dawuda ya ce masa ya biyo shi Urushalima ya ƙarasa kwanakinsa a fada. Tsohon ya ce shekarunsa 80, ba ya jin ɗanɗanon abin da yake ci, ba ya jin muryar mawaƙa, don me zai zama wa sarki kaya? Ya ce a bar shi ya koma ya mutu a garinsu kusa da kabarin iyayensa, ga Kimham nan, a tafi da shi, alherin da za a yi masa a yi wa yaron. Ya san shekarunsa, ya faɗe su ba kunya, ya tura na baya gaba tun yana raye yana kallo. Na ce to, hanyar da zan bi ke nan.

Da uwargida na fara. Tana zaune a gindin mangwaro tana tsince wake, na jawo kujera na ce mata ina so in rubuta wasiyya. Ta ajiye faifan a cinya ta dube ni.

"Malam, likita ya gaya maka wani abu ne kake ɓoye mini?"

Na ce wallahi babu. Ta ci gaba da tsintar ta jima ba ta ce kome ba. Can ta ce, "To in haka ne, fara da nuna mini takardar gidan nan. In yau aka ce ba ka, wa zan nuna wa me?"

Daga nan ta shiga lissafo mini gwauraye a Zumuntar Mata, waɗanda na sani da fuska amma ban san abin da suka sha ba. Wata tun ba a kwashe kujerun zaman makoki ba dangin miji suka karɓi makullin shago. Wata kuɗin mijinta na kwance a banki tana gani ba ta iya taɓawa, 'ya'yanta na zaune a gida saboda kuɗin makaranta. Mata sun san waɗannan labarai filla-filla, domin su ne ke haɗa kwanon masara da sabulu su kai. Mu maza a wurin jana'iza muke yin jawabi mu watse.

Muka sauko da tsohon akwatin ƙarfe. Takardar sayen fili mai sa hannun mai unguwa da shaidun da duk sun riga mu gidan gaskiya, takardar aure, takardun fansho, rasit-rasit da gara ta ci gefensu. Muka ware, muka yi hoton kowace, muka sa a jaka guda wadda ita da babban ɗanmu suka san inda take. Gidan da muke ciki sai da na yi zirga-zirga na yi masa rajista a KADGIS, hukumar da jihar Kaduna ta kafa don harkar filaye, domin takardar hannu kaɗai ba ta isa kāre marayu a wannan zamani.

Wurin lauya na koyi abin da da yawa daga cikinmu, har masu digiri, ba mu sani ba. Sunan da ka cike a gurbin makusanci a fom ɗin banki ko na wurin aiki ba ya mai da mutum magaji. Shi dai wanda za a nema ne in wani abu ya faru. In ka mutu ba wasiyya, sai iyali sun je kotu sun nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci kafin banki ya saurare su, kuma wannan na iya cin watanni da kuɗi, ga shi nan ne 'yan'uwa ke fara kallon juna da gefen ido. Wasiyya kuwa dole a rubuce take, ka sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci guda, su ma su sa hannu, kuma kada ka ɗauko shaida daga cikin waɗanda ka ba wani abu a ciki. Ka naɗa waɗanda za su zartar da ita, a kai ta ajiya a Babbar Kotu. Kuɗin da na biya bai kai abin da muke kashewa a abincin jana'iza guda ba. Na rubuta cewa uwargida za ta zauna a gidan har ƙarshen ranta ba mai tashinta, kuma 'ya'yana mata da maza rabonsu ɗaya. Wannan na biyun na faɗa musu da bakina a gaban juna, don kada wani ya ji shi karon farko daga bakin lauya ya ce an juya tsoho.

Maganar bashi a wurin maƙwabtanmu Musulmi na ɗauki darasi. Wanda ya zauna a Zariya ya sani, a wurin jana'izarsu akan yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, don ba sa so a bar shi da nauyin wani. Na zauna na rubuta waɗanda ke bina, na biya su har da mai gyaran rediyo da shi kansa ya manta. Waɗanda nake bi kuma na duba, wanda na san ba shi da halin biya na je har gida na ce masa na yafe, na kuma soke sunansa a littafin, don kada bayan raina yara su ga rubutu su je suna ƙwanƙwasa ƙofar talaka.

Musulmin dai in mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Mu kuwa mun mai da jana'iza biki. Gawa na mutuware ana biyan kuɗi kullum, ana jiran na Legas da na Ingila, ana ɗinka anko, ana buga littafi mai hotuna, ga akwati mai tsada, ga rumfuna, ga saniya. Na ga gidan da aka sayar da gona aka yi jana'iza, bayan wata uku autan gidan ya bar makaranta. Ban ga ayar da ta ce a yi haka ba. A zamanin iyayenmu a Wusasa ba haka ake yi ba: a yi sujada, a raira waƙa, a kai mutum, a dawo a zauna karɓar gaisuwa. Na rubuta cewa kada a ajiye ni fiye da 'yan kwanaki, ba anko, akwatin katako na kafintan unguwa ya isa. Babbar 'yata ta yi kuka ta ce, "Baba, mutane za su ce ba mu san darajarka ba." Na ce mata, "Uwata, darajar da za ku yi mini ku yi ta yanzu ina gani. Ki riƙa kawo mini yaran nan hutu." Mun daidaita a kan cewa za a yi daren waƙoƙi, don wannan kam ni ma ina so, a rera na Hausa irin na dā.

Duk waɗannan takardu ne, wahalarsu ta ƙafa ce da aljihu. Wanda ya taɓa zuciya shi ne sauka daga kujera. Na daɗe ina riƙe da littafin kuɗin ikilisiyarmu, har ya zama in aka ce ma'aji ba a bukatar faɗin suna. Ba wanda ya ce in sauka, kuma na san ba wanda zai ce, domin a wurinmu ba a gaya wa mai furfura ya matsa. Wannan kunyar ce ke kashe mana ikilisiyoyi a hankali. Matasa masu ilimi suna zaune a baya suna jira, in sun gaji su koma wata majami'a a Samaru ko Sabon Gari inda za a ba su abin yi, mu kuma mu zauna muna cewa yaran zamani ba sa son aikin Allah. Na sami limaminmu na ce masa in zaɓe ya zo kada a sa sunana. Ya ce, "Baba, wa zai iya?" Na ambaci wani saurayi da na koyar a aji, wanda yanzu aikin lissafin kuɗi yake yi. Na zauna da shi muka bi littafin shafi-shafi, na gaya masa abin da ba a rubutawa: gidan da in ba su kawo baiko ba kada a tambaye su, da wanda ke bayarwa a ɓoye ba ya son a ambata.

Da ya karɓa ya sauya abubuwa. Ya mai da lissafin cikin kwamfuta, ya buɗe hanyar turo baiko ta waya, ya daina karanta sunayen masu bayarwa a gaban jama'a, abin da ni na gada na kuma riƙe. Ranar da ya sanar da haka na ji zafi a ƙirjina, mutane kuma suka juyo suna kallona su ga ko zan yi magana. Na yi shiru. Wannan shirun ya fi rubuta wasiyya wuya. Amma na gane cewa tsohon da ya miƙa sanda bai saki ƙarshenta ba, bai miƙa kome ba. Yanzu yakan zo da kansa ya tambaye ni shawara, in na bayar ya ɗauki wadda ya ga dama.

Sai ga lokaci ya samu, dole a san abin da za a zuba a ciki, in ba haka ba benci da rediyo da gardamar siyasa su cinye shi. Ba sai na je nesa neman misali ba. Janar Yakubu Gowon a nan Wusasa ya tashi, ɗan mai bishara ne. Ya mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975, amma shekarunsa na baya ya ba da su ga taron addu'a domin Nijeriya da kuma yaƙi da ciwon kurkunu, yana shiga ƙauyuka yana magana a kan ruwan sha, har aka tabbatar a 2013 cewa ciwon ya ƙare a ƙasar. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello shi ma daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje, daga baya ya dawo Samaru yana duba marasa lafiya yana hidimar ikilisiya, har ya rasu a 2005. Likita Mila kansa, Baturen mishan da ya yi aiki a Zariya, yana da shekara 60 sa'ad da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da ya ba da ƙarfinsa a kai. Ni ba janar ba ne, ba farfesa ba. Abin da na iya shi ne koyarwa da sauraro, sai na tsaya a kansu.

Ranar Asabar da yamma yara sukan taru a barandata ina koya musu karatun Hausa. Abin baƙin ciki ne ka ga yaro Bahaushe, jikan waɗanda aka fassara Littafin domin su, yana karanta Turanci tiryan-tiryan amma in ka miƙa masa Zabura da harshen uwarsa sai ya yi ta tuntuɓe, bai san bambancin ƙ da k ba. Wasu 'ya'yan maƙwabta Musulmi ma suna zuwa da yardar iyayensu, su da tatsuniyoyi da karin magana muke yi.

Aikin da ya fi cin raina kuwa shi ne bin tsofaffi ina ɗaukar maganarsu a waya. Tarihinmu yana tafiya kabari kowace shekara. Yaranmu sun san cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na magina Hausawa da aka yi a 1929, shekarar da mishan ta taso daga cikin birni ta dawo Wusasa, suna ɗaukar hoto a gabansa ranar aure. Amma kaɗan ne suka san labarin Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, da yadda zuriyarsu suka nemo Likita Mila a Zariya wajen 1913, da zaman da aka kafa a Gimi, da ciwon barci da ya shiga garin ya yi ta ɗauke mutane har waɗanda suka ragu suka taso. Daga cikin 'yar jama'ar Kiristocin Wusasa aka sami mutane irin su Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda babban asibiti a Kaduna ke ɗauke da sunansa.

Akwai wata gwaggo da ta haura 90, idonta ya tafi amma kanta garau. Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta shafa hannuna ta ce, "Ɗan wa?" Na faɗi sunan mahaifina, ta ce, "Af, kai ne mai kukan nan ranar baftisma." Ta ba ni labarin da ta ji a bakin uwarta, yadda a Gimi mutum zai zauna cin tuwo barci ya kwashe shi da loma a hannu, yadda ake fita binne wani a dawo a tarar da wani. Na tambaye ta ko ba su ce Allah ya yashe su ba. Ta ce uwarta ta ce wasu sun faɗa, wasu sun koma inda suka fito, amma waɗanda suka tsaya kullum da yamma sai sun taru sun yi waƙa, ko su nawa suka rage. Ta ɗaga murya ta rera mini baiti biyu, murya na rawa amma ba ta ɓata kalma ko ɗaya ba. Na tambaye ta ita fa, tana tsoro? Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, waɗanda na sani a can sun fi na nan yawa." Ba ta kai Kirsimetin shekarar ba. Muryarta na nan a ajiye, jikata tana buga maganar a kwamfuta, kuma mun yi magana da jikokinta za a ba kowane gida kwafi.

Ni kam ban kai matsayin gwaggo ba. Tsoro yakan zo, yawanci wajen asuba. Ba kabarin ne ke tayar mini da hankali ba, hanyar zuwa ce. Ina zuwa dubiya asibitin koyarwa na Shika da na St. Luke a nan gida, na ga abin da shanyewar ɓarin jiki ke yi wa ƙaƙƙarfan mutum, na ga matan da suka shekara suna juya miji a gado. Shi ya sa ba na wasa da maganin hawan jini, na rage gishiri, ina taka ƙafa da safe zuwa gindin dutse in dawo. Masu cewa shan magani rashin bangaskiya ne suna jawo wa iyalansu wahala, kuma na faɗa wa wasunsu haka ido da ido. In tsoron ya zo ba na yi masa gardama. Ina tashi in karanta sura ta 15 ta Korantiyawa ta fari, ko inda Bulus ke gaya wa Filibiyawa cewa ya rasa wanda zai zaɓa, ya tafi ya zauna tare da Almasihu wanda ya fi kyau nesa, ko ya tsaya domin amfaninsu. Abin da nake riƙewa a nan shi ne dalilin tsayawar tasa: domin su ne, ba domin kansa ba. Bulus ɗin nan kuma, yana kurkuku yana cewa lokacin tashinsa ya yi, bai fasa aika wa Timoti ya kawo masa alkyabbarsa da littattafai ba, ya kuma taho da Markus, wanda a dā suka rabu da Barnaba a kansa.

Maganar Markus ɗin nan ce ta kai ni gona. Muna da gonar gado a bayan gari, kuma ban taɓa zagaya iyakarta da yarana ba sai a wannan aiki. Na tara su da rani bayan an kwashe amfani, muka bi layin bini-da-zugu da kakanmu ya shuka, na nuna musu ɗorawar da ke kusurwar gabas, da tsohuwar rijiyar da ta rufta, da inda aduruku ya raba mu da maƙwabci. Muka iso wani ɗan tsiri a bakin fadama, sai na tsaya. A kan wannan tsirin mahaifina da ƙanensa suka yi shari'a a gaban dattawa, aka ba mahaifina gaskiya. Su biyun sun mutu, amma maganar ba ta mutu ba. Ɗan baffan nawa, wanda ya girme ni, tare muka yi kiwon awaki muna yara, coci ɗaya muke zuwa, Jibin Ubangiji ɗaya muke ci, amma rabon da mu sa hannu a kwano ɗaya tun muna samari.

Na je gidansa. Ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo ruwa. Na ce, "Yaya, ni da kai mun kusa, bai kamata mu bar wa yaran nan wannan abu ba." Ya dubi ƙasa ya ce, "Ai magana ta wuce." Duk Bahaushe ya san in aka faɗi haka da irin wannan murya, ba ta wuce ba. Na ci gaba da zuwa gaisuwa, amsar ba ta sauya ba.

Da farko na yi niyyar in sa a wasiyya cewa bayan raina a ba 'ya'yansa tsirin. Sai na ga wannan wayo ne, in ci amfaninsa har in mutu sannan in bar wa yarana zafin rabuwa da shi. Na kira babban ɗana na gaya masa zan bayar yanzu. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Baba, gaskiyarmu ce fa, dattawa suka yanke. Kuma nan ne wurin da ya fi ko'ina ba da rake." Na ce masa na sani, tamu ce, shi ya sa muke da ikon bayarwa. Bai yarda a ranar ba. Uwarsa ce ta zauna da shi daga baya, ban san abin da ta gaya masa ba, ya dawo ya ce a yi.

Muka kira mai unguwa da shaidu, aka rubuta takarda, aka matsar da iyaka, aka dasa sabon layin bini-da-zugu. Yaya bai zo ba, ɗansa ya turo, yaron ya durƙusa ya yi godiya ya karɓi kwafinsu. Da damina suka shuka masara a wurin. Da uwargida ta kwanta zazzaɓi, matarsa ta zo dubiya da kwanon kunu, karon farko da ta taka gidanmu tun aurenta. Shi kansa har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu a ƙofar coci. An dai kawo mana katin auren jikarsa, ranar Asabar mai zuwa ne, kuma za mu je dukanmu har da babban ɗan nawa.